Yadda Ake Zaɓen Kifin Gwangwani da Sarrafa Shi a Girkin Yau da Kullum

Mafi yawan kifin sardin na gwangwani da ake sayarwa a kasuwanninmu daga Maroko ake shigo da shi, kamar Titus da kowa ya sani, kuma ƙaramin gwangwani yakan kai nauyin giram 125. Kafin a biya kuɗi, wajibi ne a juya gwangwanin a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar ƙarewar wa'adinsa. Idan an ga murfin ya kumbura, ko tsatsa ta ci bakinsa, ko ya lotsa a wurin da aka liƙe shi, to kada a saye shi komai arharsa, domin kumburi alama ce ta cewa ƙwayoyin cuta sun fara aiki a ciki, kuma gubar da wasunsu ke haifarwa tana iya kisa. Haka nan a guji wanda aka jera a rana a bakin titi.

Abin da masu girki da dama ke mantawa shi ne kifin nan dafaffe ne, da gishirinsa. Saboda haka ba a zuba shi a tukunya tun farko. In dafa-dukar taliya ko ta shinkafa ake yi, sai a tsiyaye man gwangwanin a soya albasa, tattasai da attaruhu da shi, a rage gishiri da dunƙule, a bari sai abinci ya kusa tsotsewa sannan a jera kifin a sama a rufe na kamar minti biyar. Wanda ya zuba shi da wuri yana ta juyawa zai tarar ya dagargaje ya ɓace a cikin abincin.

Da safe ana iya farfasa shi a cikin ƙwai a soya, ko a cakuɗa shi da yankakkiyar albasa a sa a biredi. A ganina ya fi daɗi a kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, inda ɗan lemun tsami ke kashe ƙarninsa. Kada a cire ƙayar, domin zafin da aka dafa kifin da shi ya riga ya tausasa ta, tana kuma ɗauke da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Idan an buɗe gwangwani bai ƙare ba, a juye ragowar a mazubi mai murfi a sa a firji, a cinye cikin kwana biyu. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a cinye shi a lokacin da aka buɗe.