Magen da ba ta fita waje ma tana buƙatar maganin ƙuma da tsutsa

Mutane da yawa suna ganin tunda magensu kullum tana cikin ɗaki to shikenan ta tsira, gaskiya ba haka bane. Ita ba ta fita amma ai ku kuna fita, ƙuma tana biyo kaya ko takalmi ta shigo, ga ɓera da kyankyaso da take kamawa suna iya sa mata tsutsa, sauro ma yana iya sa mata tsutsar zuciya.

Ku fara da dubawa. A samu kum mai ƙananan haƙora a taje ta a wuya da gindin wutsiya, abin da ya zubo a kakkaɓe kan farin tishu mai ɗan danshi, in baƙin ɗigon ya koma ja to kashin ƙuma ne, jininta ake sha. In kuma kun ga wani fari-fari kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiyarta, tsutsar ciki ce, kuma yawanci magen ta haɗiye ƙuma ne wajen lasar jiki, shi yasa maganin ɗaya ba ya wadatarwa sai an haɗa da ɗayan.

Maganin ƙuma yawanci ɗigawa ake a ƙeya duk wata, a buɗa gashin ya taɓa fata inda harshenta ba ya kaiwa, kar a mata wanka sai bayan kwana 2. Na tsutsa kuma babbar mage kusan duk wata 3, jariran mage sun fi buƙata akai-akai, likitan dabbobi ne zai auna nauyinta ya faɗi adadin. Don Allah kar ku ɗiga mata na kare, da yawansu akwai wani sinadarin kashe ƙwari mai suna permethrin a ciki kuma yana kashe mage, wannan ba abin gwaji bane ko kaɗan.

Toh sai gidan kansa, nan ne mutane suke sakaci. Ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, suna zubewa a kafet da kujera da inda take kwana, in an yi wa mage magani an bar ɗakin bayan 'yan makonni abin zai dawo. A wanke shimfiɗarta da ruwan zafi duk sati, a share lungu-lungu, in dabbobin gidan sun fi ɗaya a yi musu rana guda.

Kashinta a kwashe kullum a wanke hannu da sabulu, mai ciki kuma ta bar wa wani wannan aikin saboda cutar toksoplasma da ake iya ɗauka a kashin mage tana iya taɓa jaririn da ke cikinta.