Yadda nake jinyar doki idan tsoka ta yi masa ciwo

Wani kilin doki ne ya koya mini wannan aiki. Wata safiya na ɗauko sirdi zan ɗaura masa, sai ya lotsa baya, ya kwantar da kunnuwa, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi. Doki ne mai sanyin hali, bai taɓa yi mini haka ba, amma na ɗauka gardama ce, na ja majayi na hau. Sai a rana ta uku na lura takunsa na ƙafar baya ta hagu ya gajarta. Har yau abin yana damuna, domin kwana uku yana faɗa mini ciwonsa ban saurara ba. Tun daga lokacin, kafin in kai wa doki kowane irin magani, hannuna ne ke fara bincike.

Ka tsayar da dokin a fili mai daidai, ka koma gefe ka dube shi. Wace ƙafa yake sauƙaƙa wa nauyi? Ka sa wani ya riƙe ragama ya ja shi da tafiya, sannan da sassarfa, ya tafi ya dawo a miƙe. Idan ciwon a ƙafar gaba yake, za ka ga yana ɗaga kai duk lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa. Idan a baya ne, ka zuba ido a kan ƙugu, gefe ɗaya zai riƙa hawa da sauka fiye da ɗan'uwansa. Daga nan ka matso da tafin hannu a buɗe. Fara daga bayan kunne, ka bi wuya, kafaɗa, gadon baya, kuturi, har cinya, kana shafawa sannu a hankali. Duk inda ka taɓa a dama ka taɓa irinsa a hagu, domin gefen mai lafiya shi ne ma'auninka. Abin da kake nema shi ne zafi, kumburi, wurin da ya yi tauri kamar igiyar da aka ja, ko inda fata ke ɓari da zarar ka danna. Idonka kuma yana kan fuskarsa. Doki ba ya kuka da ciwo kamar kare, a kunne da ido da hanci yake nunawa. Idan ka isa cinya ka tsaya dab da jikinsa ta gefe, hannu ɗaya a kan kuturi, kada ka tsaya inda harbi zai same ka.

Ka riƙe wannan da kyau: daga gwiwar doki zuwa kofato babu tsoka, jijiyoyi ne da ƙashi kawai. Saboda haka kumburin da ka gani a can ƙasa ba aikin tausa ba ne. Jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba ta samun jini sosai kamar tsoka, raunin da ya same ta yakan ci wata tara zuwa shekara kafin ya warke, kuma likitan dabbobi ne zai duba ta da na'urar hoto ya faɗi girman ɓarnar.

Akwai kuma halin da nake roƙon kowa ya sani, domin kuskure a cikinsa yana kashe doki. Dokin da ya huta kwana biyu ko uku yana cin hatsinsa cikakke, aka fito da shi aiki, bai yi nisa ba sai ya sandare, gumi na zuba, tsokar kuturi ta yi tauri kamar katako, yana numfashi sama-sama. In ya yi fitsari sai ka ga ya yi duhu, ja-ja ko baƙi-baƙi. Tsokar ce ke narkewa, abin da ke fita daga cikinta yana bin jini zuwa ƙoda. A Ingila tun zamanin dawakan jan kaya suke kiransa ciwon safiyar Litinin, saboda yakan kama su bayan hutun Lahadi. Wannan doki ba a tausa masa, ba a tilasta masa tafiya ko taku goma. Ka sauka, ka kwance sirdi, ka ajiye masa ruwa, ka kira likita ya same ku a inda kuke. Gwajin jini ne zai nuna yawan tsokar da ta lalace. Haka nan idan ka auna zafin jikinsa ta dubura ya wuce digiri 38.5, ko bugun zuciyarsa yana hutawa ya haura 44 a minti ɗaya ya ƙi sauka, ko ya ƙi dafa ƙafa ƙasa sam, to abin ya wuce na hannunka.

In kuwa sabon rauni ne na tsoka, harbin wani doki, ko zamewa, ko gurɗewa wajen sukuwa, to ruwan sanyi ne abokinka a kwana biyu zuwa uku na farko. Sanyi yana tsuke hanyoyin jini, ya rage kumburi, ya kashe kaifin ciwo. Ka sakar wa wurin ruwa daga tiyo minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Ka fara jiƙa kofato tukuna ka riƙa hawa sama, don kada ya firgita. In ƙanƙara za ka sa, ka naɗe ta a jiƙaƙƙen tawul, kada ta zauna a kan fata kai tsaye. Mutane da yawa gashi suke fara yi, don tausayi, amma zafi a kan sabon rauni ƙara jawo jini yake yi, kumburin ya ninka. Tausa ma haka, a kwanakin nan hannu ba ya danna wurin.

Sai ka taɓa ka ji zafin wurin ya yi daidai da na ɗaya gefen, kumburi ya fara sacewa, sannan gashi ya shigo. A ruwan ɗumi nake tsoma tawul, in matse, in gwada a cikin damtsena. Idan ni ban iya jure shi ba, doki ma ba zai iya ba. Nakan shimfiɗa a kan tsokar, in rufe da busasshen tawul, in riƙa canzawa har kwata ɗaya na awa. Tsoka mai ɗumi ita ce ke karɓar tausa.

Ita tausa ba ƙarfi take so ba. Nakan fara da doguwar shafa, ina bin yadda gashin jikinsa ya kwanta, har in ji ya saki jiki. Sannan in ɗora tudun tafin hannu a kan tsokar in danna a hankali, in saki, in matsa gaba kaɗan. In na tarar da ƙulli sai in tsaya a kansa da yatsu uku, in danna daidai yadda zai jure, in ƙirga zuwa ashirin. A nan ne na fi jin daɗin aikin. Kilin nan, da na samu ƙullin da ke bayan mazaunin sirdi, sai ya sauke kai ƙasa, leɓensa na ƙasa ya saki, ya fara taune-taune ba komai a bakinsa, ya ja dogon numfashi ya fesar ta hanci. Na ji tsokar tana laushi a ƙarƙashin yatsuna. Idan ka ga haka ka ci gaba. Idan ya ɗaga kai, ya danne numfashi, ya kauce, ka rage hannu. Kada ka danna kan ƙashin baya ko kan gaɓa, a nama kawai ake aiki. Minti ashirin sun isa.

Miƙa jiki kuwa, na fi son wanda dokin zai yi da kansa. Ka riƙe ɗan karas, ka sa ya bi shi da baki zuwa ƙirjinsa, sannan tsakanin gwiwoyinsa, sannan ta gefe zuwa haƙarƙari, daga baya har ƙugu, dama da hagu. Ya tsaya a kowane wuri daƙiƙa kaɗan kafin ka ba shi. Tunda shi ke lanƙwasa kansa, ba zai wuce inda ciwo ya hana shi ba. Binciken da Hilary Clayton da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, wanda aka buga a 2011, ya nuna cewa wata uku ana wannan atisaye sun ƙara kaurin ƙananan tsokokin da ke riƙe da ƙashin baya. Jan ƙafar doki da hannu don a miƙar da ita, wannan sai wanda aka koya wa, kuma ba a yi wa doki mai sanyin jiki da bai motsa ba.

Akwai na'urori iri-iri, na hasken leza, na sautin da ke ɗumama cikin nama, na wutar lantarki mai motsa tsoka, har da injin tafiya a cikin ruwa. Suna da wurinsu a hannun ƙwararre, bayan likita ya gano ciwon. Maganin kashe ciwo ma likita ne zai ba da shi, kuma ka tuna dokin da ke kansa zai yi kamar ya warke alhali bai warke ba.

Abin da ya fi duk waɗannan ƙarfi shi ne tafiya da aka auna. Ɗaure doki a turke makonni yana sa tsoka ta rame, tabon ciki ya ƙage. Sakinsa ya yi ta tsalle kuma yana yaga abin da ya fara haɗuwa. Ni nakan fara jan sa da hannu minti biyar zuwa goma, safe da yamma, a ƙasa mai daidai marar santsi. Kowane mako in ƙara minti biyar. Idan ya kai rabin awa ba ɗingishi, sai in jera sanduna a ƙasa ya riƙa tsallakawa da tafiya, wannan yana sa shi ɗaga ƙafa da baya. Bayan haka hawa da tafiya kawai, sannan gajeriyar sassarfa a miƙe, sukuwa ce ta ƙarshe. Kowace safiya hannuna yana komawa wurin ciwon. In na ji zafi ko tauri ya dawo, sai in koma matakin makon jiya ba tare da jayayya ba.

Kafin ka sake hawa, ka nemo abin da ya jawo ciwon. Na kilina sirdi ne. Na ɗora shi a bayansa ba shimfiɗa, na zura hannu ƙarƙashi, sai na ji gefen hagu yana cizon nama, tsakiya kuma ba ta taɓa baya. Ya kamata yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin sirdi da doron doki, nauyi kuma ya bazu daidai. Bayan hawa ka duba sawun gumi: busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙen baya alamar matsi ce, haka ma farin gashin da ya tsiro inda babu shi a da. Ka duba kofato ko ya yi tsawo ko ya karkace, ka sa a duba haƙora, domin dokin da linzami ke yi wa ciwo a baki yakan ƙage wuya da baya. Na ba da sirdin aka gyara, aka yanke masa kofato, na kuma ɗauki al'adar yin minti goma na tafiya kafin kowane aiki da minti goma bayansa. A mako na shida na ɗauko sirdi, ya juyo ya sansana shi, ya tsaya cik har na gama jan majayi.