Yadda ɗalibin shari'a a Kano zai yi nazarin kuɗin da hukuncin kisa ke ci

Ɗalibin Jami'ar Bayero da ya ɗauki wannan batu zai tarar mafi yawan rubuce-rubucen da ke kansa daga Amurka suka fito, don haka ya wajaba ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Ka fara da dokar gida. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya halatta hukuncin kisa idan kotu ce ta yanke shi, kuma tun a 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccinsa a shari'ar Onuoha Kalu. Sannan ka duba sashe na 221 na dokar laifuka ta Final Kot, wanda ya tanadi hukuncin kisa ga mai kisan kai, da dokar laifuka ta Shari'a ta Jihar Kano ta 2000, wadda a ƙarƙashinta magadan wanda aka kashe ke iya yafe ƙisasi su karɓi diyya.

Daga nan ka karanta na Amurka da lura. Abin da ke cin kuɗi a can shi ne zaɓen mutanen gari da ke yanke hukunci tare da alƙali, da raba shari'ar gida biyu: tabbatar da laifi, sannan yanke horo. Shari'ar Witherspoon ta 1968 ta taƙaita ikon cire mutum daga cikinsu don kawai yana ƙin hukuncin kisa, ta Batson kuma a 1986 ta hana cire shi saboda launin fatarsa. Kotunan Kano ba su da wannan tsari, alƙali ne ke sauraro ya yanke, saboda haka kada ka ɗora alƙaluman Amurka a kan namu.

A ganina, tsadar a nan tana cikin jira ne, domin gwamnoni ba kasafai suke sa hannu a takardar zartarwa ba. Ka nemi izini a rubuce ka je wurin rajistara a Babbar Kotu, ka buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta ranar gurfanarwa, da yawan ɗage zama, da ranar hukunci, da ta ɗaukaka ƙara. Sai ka lissafa ciyarwa, magani da kai fursuna kotu daga gidan gyaran hali na Kurmawa, ba tare da manta abin da iyali suka sayar don biyan lauya ba.

Ka haɗa lissafin da dokar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda ta ba Babban Joji damar mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai ga wanda ya ƙare ɗaukaka ƙara, ya kuma shekara 10 ba a zartar ba.