Tumbi Ka Zo Saukewa, Me Ya Kai Ka Ga Tsoka?

Bara, cikin zafin watan Afrilu, wani abokina mai shago a babbar kasuwar Maradi ya ɗaura aniyar rabuwa da tumbi. Kullum da la'asar sai ya naɗe cikinsa da leda, ya ɗora rigar sanyi a kai, ya kama gudu a hanyar Ɗan Isa. Ya daina karin kumallo, tuwon dare ma ya yafe. Cikin wata biyu sikeli ya nuna kilo 8 sun tafi. Da ya zo gidan da muke ɗaga ƙarfe yana washe baki, ya cire riga, sai kowa ya yi tsit. Damatsa sun tsotse, kafaɗa ta zube, tumbin kuwa yana nan daram. Ƙarfen da yake ɗagawa sau 10 a da, ranar da ƙyar ya kai 4.

Na ce masa, "Alhaji, ai ba kitse ka sauke ba, naman jikinka ka cinye."

Mu fara da ledar. Zufa ruwa ce da gishiri, ba narkakken kitse ba. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce cif, saboda haka in ka zubar da ita sikeli zai yi maka daɗin baki, kana shan randa ta dawo. A garin da zafi kan haura digiri 40, abin da leda za ta jawo maka shi ne jiri da ciwon kai, wani lokaci har suma. Ka yar da ita, ka koma motsa jiki bayan asuba ko bayan magariba, da gorar ruwa a gefe.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne yunwa. Jiki in ya rasa abinci da yawa ba ya tsayawa a kan kitse kaɗai, tsoka ma yana ɓantara, musamman wadda ya ga ba a aiki da ita. Saurin da ya dace shi ne ka rage rabin kaso zuwa kaso 1 cikin 100 na nauyinka a mako. Mai kilo 90 ke nan giram 450 zuwa 900. Wannan ba ya bukatar ka ƙaurace wa tuwo. Kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) 300 zuwa 500 za ka zabge a yini, kuma yawancinmu a wuri biyu suke ɓoye: mai da sukari. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne. Yanzu tuna yadda mai shinkafa da wake take tsiyaya maka, kana cewa "ƙara kaɗan, Hajiya". Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 35. Ga shayin fada, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya fi na baya zaƙi. Ga fura da ake dama ta da sukari kamar ba gobe. Ni da kaina na yi shekara ina rantsuwa ba na cin abinci da yawa, ashe shan shi nake yi.

Daga nan sai abinci mai gina jiki. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na jikinsa, wato mai kilo 80 ya nemi kusan giram 128 a yini. Samari da yawa suna jin haka sai su ce sai mai kuɗin garin furotin na gwangwani na waje. Ba haka ba ne. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne. Ga nono, ga kifi, ga kilishi, ga balangu in ka ce wa mahauci ya ware kitsen, ga fara a lokacinta. Awara kuwa Allah ya hore mana ita a kowane lungu, illarta ɗaya: tana shan mai kamar soso. Ka roƙi mai awara ta ajiye maka wadda ba a soya ba, ka jefa a miya ko ka haɗa da kwaɗon zogale. Ƙuli-ƙuli ma yana da furotin, amma soyayye ne, a ci da lissafi. Kuma a raba abin sau uku ko huɗu a yini, kada a tara shi duka a kwanon dare.

A wajen ƙarfen kansa akwai wata magana da ta zama kamar karatu: wai mai son ya bushe, wato kitse ya sauka tsoka ta fito, sai ya koma ƙaramin ƙarfe ya riƙa ɗagawa sau 30. Nauyin da ya gina tsoka shi ne yake riƙe ta. Ka zauna kan wanda za ka ɗaga sau 6 zuwa 12, na ƙarshe ya sa ka cije baki, kowace gaɓa ta samu aiki sau biyu a mako. Yawancin ƙarafanmu siminti ne da aka zuba a gwangwanin madara aka soka masa bututu, ba wanda ya san nauyinsu. Mu dai mun ɗauki namu a amalanke muka kai wa mai sikelin hatsi, muka rubuta kilon kowanne da fenti. Tun daga ranar kowa ya san ko gaba yake yi ko baya.

Sai masu ƙirji da damtse kaɗai, sama kamar zaki, ƙasa kamar zalɓe. Ku leƙa filin kokowa na Kantu, ɗan kokowar da ya ɗauko wa Maradi takobin farko na gasar ƙasa a 1975, ku dubi cinyoyin ƴan kokowa da bayansu. Manyan tsokoki can suke. Tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga shi daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, da jan jiki sama a sanda, su ne ginshiƙi. Motsa ciki sau 200 kuwa yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen da ke kanta ya ƙone. Kitse daga ko'ina yake sauka, kuma a wajen maza na tumbi ne yakan yi taurin kai.

Barci awa 7 zuwa 9 ake so, wanda ya kai ƙarfe biyun dare a fada yana jan Facebook ya san inda ya yi asara. Ƙwayar nan ta ƙiba da ake kira deksa, wadda wasu ke saye a tebur don su cika riga, kumburi take sawa, ta tara kitse a ciki da fuska, ta cinye tsoka. Ba a shan ta sai da umarnin likita.

Alhajin nan ya koma cin abinci sau uku, shayi ɗaya ba uku ba, ƙarfe kwana uku a mako. Na hana shi hawa sikeli kullum, na ba shi igiyar awon tela, ya riƙa auna ƙugu daidai cibiya kowace Juma'a da safe. Abin da ake nema shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum. Bayan wata huɗu nauyinsa bai motsa sosai ba, har ya fara ƙorafi. Sai ga shi kafin babbar salla ya kai wanduna uku wajen tela a rage musu ƙugu, telan kuma ya ce rigar da zai ɗinka masa sai an ƙara faɗin kafaɗa.