Yadda Nake Gano Ciwon Ƙafar Gaba ta Mota Kafin a Sayi Ko Noti Ɗaya

Wata Litinin da hantsi wani dattijo ya shigo garejinmu da ke wajen Runjin Sambo da Corolla, hannunsa riƙe da leda cike da kaya: shoka biyu, bolojoin biyu (gaɓar ƙarfe mai kai kamar ƙwallo da ke ba taya damar juyawa), da tayirod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya). Na ce, "Baba, sannu da zuwa, mi yaf faru?" Ya ce, "Ɗana, wagga mota ta hana ni sakat. Daga nan har Kware ƙara take yi, an ce mini ƙafar gaba duk ta tafi." Na roƙe shi ya ajiye ledar tukuna. Muka zagaya da motar, muka ɗaga ta, sai ga shi ɗan siririn ƙarfen nan ne mai haɗa sitabilaiza (ƙarfen da ke rage wa mota karkata a kwana) da shoka ya saki, wanda muke ce wa linkej. Shi kaɗai muka canza, ya mayar da sauran kayan shago. Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin da ya kusa zubarwa ba kaɗan ba ne.

A nan Sakkwato ƙafar mota, wato ƙarafa da robobin da ke haɗa taya da jikin mota, tana shan wuya. Rabin ƙafa roba ce, bushin (robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe) da robobin da ke rufe bakin bolojoin da shaf (ƙarfen da ke juya taya), kuma zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 yana busar da roba har ta tsattsage. Da ta tsage, ƙurar hunturu da yashi su shiga su gauraya da giris, su riƙa cin ƙarfe a hankali. Damina ta zo ruwa ya rufe ramuka, direba ya faɗa bai sani ba. Ga lodi kuma. Motar da ke ɗauko buhunan albasa daga Goronyo ko take jigilar fasinja zuwa Illela kullum, ƙafarta ba za ta daɗe kamar ta mai zuwa ofis ba.

Da kunne nake farawa. Ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka bi hanya mai gargada a hankali. Ƙara ƙanana mai yawa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, a kan ƙananan ramuka, galibi linkej ne ko robar sitabilaiza. Ƙara mai nauyi, dum, idan ka faɗa rami ko ka taka birki da ƙarfi, ka zargi bushin lowa am (hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe taya) ko bolojoin. Idan ƙas-ƙas-ƙas kake ji lokacin da ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya, bakin shaf ne na waje. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda kan canza murya idan ka sha kwana, boris ne, wanda taya ke juyawa a kansa. Akwai kuma rawar sitiyari, wadda mutane ke yawan ɗora wa ƙafa alhali ba laifinta ba ne: in yana rawa a wajen gudun kilomita 80 zuwa 100, ka fara da balansin taya ko lanƙwasasshen rim, in kuwa sai ka taka birki yake rawa, faifan birki ne ya karkace.

Daga nan sai taya, don taya ba ta ɓoye komai. Ka shafa ta da tafin hannu. Gefe ɗaya ya cinye, ciki ko waje, alaimen, wato saitin tsayuwar taya, ya gudu, kuma sau da yawa wani abu ne ya saki har ya gudu. Ta yi tudu da kwari kamar an yafce ta, shoka ta mutu. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Motar da ke janka gefe guda, ka auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya saba sa wa kowa ba.

Yanzu ɗagawa. Ina roƙonka, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Ƙasarmu yashi ce, jak yana nutsewa yana zamewa. Ka sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin baya da dutse, ka tokare motar da ƙarfen tsayawa. In za ka cire taya, ka sassauta notuna tun tana ƙasa.

Taya na sama, ka kama ta hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka girgiza ciki da waje. In ka ji wasa, ko bolojoin ne ko boris. Ga yadda maigidana ya koya mini raba su: ka sa wani ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Wasan ya ɓace, boris ne. Yana nan, bolojoin ne. Sai ka kama ta dama da hagu ka sake. Wasa a nan na tayirod ne, akwai na waje akwai na ciki, ka ɗora hannu a kan na waje yayin da yaro ke girgiza, za ka ji shi yana bugun yatsunka. In ba shi ba ne, ka matsa robar da ta rufe na ciki ka ji. Bushin kuwa, ka zura dogon ƙarfe tsakanin lowa am da jikin mota ka ɗan banƙara. Motsi kaɗan daidai ne, roba ce. Amma in ka ga ta yage ko ta rabu da ƙarfenta, ta gama.

Masu Honda Accord, musamman ta 2003 zuwa 2007 da ta cika gari, ku saurara da kyau. Ƙafar gabanta ba irin ta Corolla ba ce. Hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa, kuma nauyin mota yana bi ta bolojoin na ƙasa. Shi ya sa in ka ɗaga ta taya na lilo, ƙarfin sifirin yana matse shi, ka girgiza ka ji shiru ka ɗauka lafiya lau. Sai ka sa jak a ƙarƙashin lowa am ɗin, kusa da taya, ka ɗaga, sannan ka zura ƙarfe ƙarƙashin taya ka ɗan ɗago ta kana kallon bolojoin. Duk wanda ya taɓa ganin mota ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta kwanta gefe, yawanci wannan ne ya fita. In a cikin gari ne da sauƙi. A hanyar Gusau ko Tambuwal cikin gudu, da iyali a mota, Allah Ya kiyaye. Robarsa ta fashe, ko yana ƙiii idan ka juya sitiyari, kada ka jira wasa ya bayyana.

Shoka ba ta da wuyar ganewa. Ka danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki. Ta taso ta tsaya, da sauranta, ta ci gaba da lilo, ta mutu. Ka leƙa jikinta, in mai ya jiƙa ta ƙura ta manne, ta fashe. Biyu ake canzawa tare, dama da hagu, in ba haka ba motar ba za ta zauna daidai a kwana ba.

A wajen gyara akwai abin da ba na yarda da shi ko an roƙe ni. Ba a facin bolojoin. Na sha ganin an buga masa guduma an matse bakinsa, ko an cusa leda a ciki, ko an yi masa walda, wai ya kai ƙarshen wata. Ƙarar takan yi shiru, amma ƙarfen ya riga ya ci, ranar da zai fita ba zai yi sallama ba. A cire shi a sa wani. Wajen cirewa kada ka bugi zaren noti, ka bugi gefen ƙarfen da ya riƙe shi har ya saki. In notin mai tsaga ne, ka mayar masa da sabon fil ɗinsa ka lanƙwasa, ba guntuwar waya ba.

Tayirod, ka ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ka mayar da sabon daidai haka, don motar ta iya kai ka wurin alaimen ba tare da ta ci taya ba. Bushin lowa am kuma, nan ne yara da yawa ke kuskure: suna ɗaure notin tamau mota na sama. Da an sauke ta sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe, cikin 'yan watanni ta yage, mai mota ya ce kayan ne jabu. Ka ɗaura shi sama-sama, ka bari nauyin mota ya sauka a kan ƙafar, sannan ka ƙarasa ɗaurewa. Sifirin da ke jikin shoka kuwa, in ba ka da ƙarfen matse shi, kada ka kwance notin sama. Ƙarfin da ke cikinsa yana karya hannu, yana fasa fuska. Wannan ka kai wa mai kayan aiki.

Batun sayen kaya, ka tafi da tsohon a hannu ka gwada su gefe da gefe. Lowa am ko shoka na Beljiyam, in ka duba da kyau, sukan yi aiki. Bolojoin da za ka iya juya kansa da yatsa biyu ba tare da ya yi tauri ba, ko wanda robarsa ta bushe, ka bar shi a shagon komai arharsa.

Alaimen shi ne na ƙarshe, bayan an canza duk abin da ya saki. Wanda ya yi shi da fari ya biya kuɗi sau biyu. Notunan taya ka ɗaure su a tsallake, wannan sai na gabansa, ba a jere ba. Ni nakan ce wa mai mota ya je Wamakko ya dawo, ko ya yi yawonsa na kwana biyu, sannan ya biyo mu sake bin notunan da sifana, mu kuma shafa tayar mu ga yadda take ci.