In yaro ya kwashe maka kuɗi a gem ɗin waya

Yawanci alat ne ke tona asiri, ka ga an cire kuɗi da sunan Google ko Apple alhali kai ba ka sayi komai ba, ashe ɗan autan da aka miƙa wa waya don ya yi shiru ne ya danna ya sayi daimon, wato kuɗin cikin gem, a gem ɗin Free Fire. To kafin a kai ga faɗa da bulala, fara neman kuɗinka, don Google awa 48 ya ware wa irin wannan.

In Android ce, shiga play.google.com da imel ɗin da ke kan wayar, ka buɗe tarihin sayayya, ka nemo abin da aka saya ka danna wajen kai koke. Akwai zaɓin cewa wani na gida ne ya saya bisa kuskure, shi za ka ɗauka. Kar ka ce ɓarayi ne suka yi maka kutse, layinsa daban ne wannan, kuma suna gani sarai daga wayarka aka saya. Ka ajiye rasit ɗin da suka turo ta imel, lambarsa da GPA take farawa. In awa 48 ta wuce sai dai ka bi kamfanin da ya yi gem ɗin, su kuwa sai sun ga dama, musamman in yaron ya riga ya ƙarar da daimon ɗin.

Masu iPhone kuma reportaproblem.apple.com za su shiga, can ma akwai zaɓin yaro ya saya ba da izini ba.

Kar ka ji kamar roƙo kake. A 2014 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sa Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 kan wannan matsalar, Google kuma miliyan 19.

Abin da ban ba da shawara ba shi ne garzayawa banki tun farko a ce su janyo kuɗin, don kamfanin gem na iya rufe akawun ɗin gem ɗin gaba ɗaya.

Daga nan ka shiga saitin Play Store ka sa a riƙa tambayar fasuwod ko zanen yatsa a kowace sayayya, in ma za ka iya ka cire katin ATM ɗin daga wayar da yara ke taɓawa, don in abin ya maimaitu da wuya Google ya sake sauraronka.