Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen bakin tekun da za a yi dogon zango lokacin sanyi

Yawancin masu shirin kafa tanti a bakin teku na wata ɗaya ko biyu, hoto ne yake zaɓa musu wuri. Da zarar sun ga rairayi fari fat da ruwa a kwance, magana ta ƙare. Wasu kuma sukan je da hantsi, su yi awa guda, su dawo da yaƙini. Daga nan sauran kurakuran suke tasowa, domin gaɓar da ka gani da hantsi ba ita za ka tarar da tsakar dare bayan mako guda ba.

A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Sannan a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu cikar takan fi ƙarfi. Wanda ya sauka tsakanin waɗannan lokuta biyu zai ga busasshen yashi ya kafa tanti a kai, bayan kwana bakwai ruwa ya tashe shi daga barci. Maganin wannan yana rubuce a ƙasa: ka nemi layin tarkace mafi nisa daga ruwa, inda busasshiyar ciyawar teku da kirare suka taru, ka wuce shi sosai saboda ranar hadari. Ka kuma samo jadawalin cikar teku na wurin, don bambancin ba kaɗan ba ne. A galibin Bahar Rum hawan ruwan bai kai rabin mita ba, amma a mashigin Fundi na Kanada yakan kai mita 16. Ka duba janyewar ma, kada ka wayi gari kana jan kwale-kwale cikin laka mai nisa kafin ka kai ruwa.

Iska ce abin da na fi jiye wa mutane. Idan tana busowa daga tudu zuwa teku, ruwan gaɓa yakan kwanta lumui, sai mai ƙaramin kwale-kwale na kayak ya ga kamar yau ce ranarsa. Kallon kitse yake yi wa rogo. Da ya ɗan yi nisa iskar za ta kama shi ta baya, in ya juyo sai ya ga yana buga filafili iya ƙarfinsa amma tanti ƙara ƙanƙancewa yake. Kafin ka zaɓi wuri, ka tambayi masuntan yankin ta ina iskar sanyi take zuwa da kwana nawa takan yi. A mashigin tekun Kalifoniya na Meziko, alal misali, iskar arewa takan yi kwanaki a jere lokacin sanyi. Ka nemi lungun da dutse ko tudu ya tare masa wannan ɓangaren, ka fita da sassafe, ka fara tafiya kana fuskantar iska don ta rako ka a dawowa. Turakun tanti na yau da kullum kuma ba sa riƙe yashi. Ka cika buhu da rairayi, ka ɗaure igiya a jikinsa, ka binne.

Wani kuskuren shi ne auna ruwa da zafin rana. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki ninki 25 fiye da iska, kuma idan zafinsa ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyos, faɗawa ciki kwatsam yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba, ko da gwanin ninƙaya ne. Rigar roba mai manne wa jiki da rigar ceto a jiki suke aiki, ba a ƙarƙashin kujerar kwale-kwale ba.

Haka nan da wuya gaɓa ɗaya ta biya dukkan buƙatu. Bakin kogi yana da kifi, amma ruwansa yana gurɓacewa bayan ruwan sama, mai iyo da tabarau da bututun numfashi ba zai ga ko tafin hannunsa ba. Shi duwatsu ko murjani yake so. Lungu mai rairayi a tsakiya da duwatsu a gefe ya fi kusa da gamsar da kowa. Idan kuma ka hangi wani zirin ruwa mai duhu, a natse tsakanin raƙuman da ke fashewa, ba wurin wanka ba ne, ja yake zuwa ciki. In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka yi iyo a kaikaice, daura da gaɓa, har ya sake ka.

Ruwan sha ma ana raina shi. Mutum biyu, kowa lita 4 a rana, wata guda ya kama lita 240, nauyin kilo 240 ke nan. Ka san inda za ka ƙaro, da ko hanyar tana biyuwa bayan ruwan sama. Ka tambayi hukumar da ke kula da gaɓar kwana nawa aka yarda a zauna, ko jefa fatsa na buƙatar lasisi, da iyakar wuraren da aka keɓe aka hana kamun kifi, tun kafin ka loda kaya a mota.